Lissafin Da Ya Riga Ido Gani

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana bin malaman lissafi duk inda suka sa ƙafa, kamar yadda take bin mu marubuta: wai mene ne amfanin wannan abu da kuke yi? Mai rubuta waƙa ya sha jin ta daga bakin iyaye da abokai. Haka shi ma wanda ya duƙufa a kan zallar lissafi, watau lissafin da ake yi don a fahimci shi kansa lissafin, ba don gina gada ko ƙirga riba ba. A wannan fitowa mun ga ya dace mu ɗan leƙa waje da fagen adabi, mu bi sawun wani tunani guda ɗaya na tsawon shekara 132, tun daga wata wasiƙa da wani matashi ya rubuta a birnin Faris a 1832, har zuwa wani hoto da aka ɗauka a Amurka a 1964. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, kuma muna fata mai karatu zai ga cewa labarin ya shafe mu ta fuska fiye da ɗaya.

Asalin Matsalar

A wajajen shekara ta 820, a birnin Bagadaza, Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafin da daga sunansa aka samo kalmar aljabara. A ciki ya nuna yadda ake warware matsala mai mataki na biyu, watau wadda a cikinta aka ninka adadin da ake nema da kansa. Alal misali, wane adadi ne idan aka ninka shi da kansa, sa'an nan aka ƙara masa ninkinsa biyu, zai ba da 15? Amsa ita ce 3. A 1545 wani Ba'italiye mai suna Cardano ya buga hanyar warware matsala mai mataki na uku da na huɗu. Daga nan sai tafiya ta tsaya. Kusan shekara 280 malamai suna ta neman hanya guda da za ta warware duk wata matsala mai mataki na biyar, ba su samu ba. Sai a 1824 wani matashi ɗan ƙasar Norwe, Niels Abel, ya tabbatar da hujja cewa irin wannan hanya babu ita sam, muddin da tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa da fitar da tushe kaɗai za a yi aiki.

To amma da sauran rina a kaba. Me ya sa mataki na huɗu ke warwaruwa, na biyar ya ƙi? Kuma ta yaya mutum zai gane matsalar da za ta warwaru da wadda ba za ta warwaru ba? Wanda ya amsa wannan shi ne Evariste Galois, ana furta sunan Galwa, wanda aka haifa a kusa da Faris a 1811.

Duwatsun Murhu

Don mu fahimci dabararsa, mu ɗauki duwatsu uku na murhu. Za a iya musanya musu wuri ta hanya 6, har da barin su yadda suke, kuma duk yadda aka yi tukunya za ta zauna daram. Idan aka yi musanya ɗaya, aka bi ta da wata, abin da za a samu yana cikin waɗannan shidan. Kuma kowace musanya tana da wadda za ta mayar da duwatsun inda suke tun farko. Irin wannan tarin sauye-sauye da ke barin abu a kan siffarsa shi malaman lissafi ke kira rukuni. Duk wanda ya taɓa zana hatimi mai gida tara, wanda kowane layinsa ke ba da 15, ya yi hulɗa da rukuni ko bai sani ba, domin idan aka juya shi ko aka kife shi za a sami siffa 8, kuma kowacce hatimi ce ingantacciya.

Galois ya bar neman amsoshin matsalar, ya koma duba hanyoyin da za a musanya amsoshin da juna ba tare da dangantakarsu ta lalace ba. Abu uku yana da musanya 6, abu huɗu yana da 24, abu biyar yana da 120. Rukunin 6 da na 24 ana iya ɓare su ɓawo bayan ɓawo kamar albasa har a kai ƙarshe, kuma kowane ɓawo daidai yake da fitar da tushe sau ɗaya. Amma rukunin 120, da zarar an cire ɓawon farko sai a tarar da wani dunƙule mai musanya 60 wanda ba ya ɓaruwa ko kaɗan. Wannan dunƙule shi ne dalilin da ya sa mataki na biyar ya gagara.

Nan ne labarin ya fara taɓa mu marubuta. Sau uku Galois yana miƙa aikinsa ga Majalisar Kimiyya ta Faransa. Na farko, a 1829, bai kai ga bugawa ba. Na biyu, a 1830, ya shiga hannun sakataren majalisar, Fourier, wanda ya rasu bayan 'yan watanni, takardun kuma suka salwanta. Na uku, a 1831, malamin da aka ba dubawa, Poisson, ya mayar da shi da hukuncin cewa bayanin bai fito fili ba, bai kuma cika yadda za a iya tantance gaskiyarsa ba. An daɗe ana zargin Poisson a kan wannan hukunci, amma wanda duk ya taɓa gyaran rubutun wani ya san cewa tunani mai kyau yakan maƙale a cikin jimla mara kyau. Galois yana tsallake matakai da yawa, yana ɗauka abin da ya bayyana gare shi ya bayyana ga kowa.

Bugu da ƙari, siyasa ta ɗauke masa hankali. Yana cikin masu adawa da sarauta, har aka ɗaure shi. A daren 29 ga Mayu 1832 ya zauna ya rubuta wa abokinsa Auguste Chevalier doguwar wasiƙa, ya taƙaita abin da ya gano. Washegari aka harbe shi a wani fito-na-fito da bindiga, ya cika ranar 31 ga wata yana da shekara 20. Takardunsa sun yi shekara 11 a ajiye kafin Joseph Liouville, wanda yake da mujallar lissafi tasa, ya zauna ya karanta su a tsanake, ya sanar da majalisa a 1843 cewa aikin daidai ne, ya kuma buga su a 1846. Ba don edita mai haƙuri da mujalla mai ɗorewa ba, da wataƙila an binne tunanin tare da mai shi.

Daga Murhu Zuwa Faifai

Duwatsun murhu suna da musanya ƙidayayyu. Amma faifai, ko bakin ƙwarya, ana iya juya shi kowane gwargwado, ƙanƙane ko babba, yana nan da siffarsa. Nazarin irin wannan juyi mara yankewa shi ne aikin Sophus Lie, shi ma ɗan Norwe. A 1870 yana Faris yana karatu sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa. Ya kama hanyar Italiya a ƙasa, sai aka kama shi a garin Fontainebleau bisa zargin leƙen asiri, domin takardun lissafin da ke jakarsa sun yi wa hukuma kama da rubutun sirri. Ya yi kimanin wata guda a tsare kafin wani malamin lissafi, Gaston Darboux, ya zo ya shaide shi aka sake shi.

Daga bisani sai tambaya ta taso: shin irin waɗannan rukunai masu juyi mara yankewa, waɗanda ba sa ɓaruwa, nawa ne gaba ɗaya? Wilhelm Killing, malami a wata ƙaramar kwaleji a garin Braunsberg, ya yi wannan ƙidaya a cikin maƙalu huɗu tsakanin 1888 da 1890. A 1894 Elie Cartan na Faransa ya gyara kurakuran hujjojin ya kammala aikin. Abin da suka samu shi ne zuriya huɗu manya, da wasu biyar da ke zaman kansu. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi wannan wahala don wata buƙata ta masana'anta. Hasali ma a lokacin ba a ko gano ilektiron ba, wanda J. J. Thomson ya gano a 1897.

Malamar Da Ba Ta Da Albashi

Wadda ta ƙulla igiya tsakanin wannan lissafi da dokokin halitta mace ce, Emmy Noether, wadda aka haifa a Erlangen ta Jamus a 1882. Bayan ta sami digirin digirgir a 1907, ta yi shekara bakwai tana aiki a jami'ar garinsu ba a biyan ta ko sisi. A 1915 manyan malamai biyu, David Hilbert da Felix Klein, suka gayyace ta jami'ar Gottingen don ta taimaka wajen warware wata sarƙaƙiya a sabuwar ƙa'idar Einstein. Wasu malaman jami'ar suka ƙi yarda a ba mace izinin koyarwa, saboda haka ta riƙa ba da darasi da sunan Hilbert, sai a 1919 ta sami izini nata.

A 1918 ta buga hujjar da ake kira da sunanta har yau. Ma'anarta a taƙaice ita ce: duk inda dokar halitta ta zauna ba ta canza ba a ƙarƙashin wani sauyi mara yankewa, to akwai wani adadi da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Da yake dokokin motsi na jiya su ne na yau, makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Da yake dokokin ba sa canzawa daga wani wuri zuwa wani, ƙarfin tafiyar abubuwa a dunƙule ba ya canzawa. Da yake ba ruwansu da gabas ko yamma, ƙarfin juyi yana nan a adane. Wannan ya nuna wa masana kimiyya cewa idan suna son sanin dokokin halitta, su nemi rukunin da ke ɓoye a bayansu. A 1933 gwamnatin Nazi ta kore ta daga aiki don Bayahudiya ce. Ta yi hijira zuwa Amurka, ta rasu a can a 1935.

Duk da haka ba a karɓi wannan lissafi hannu bibbiyu ba. Lokacin da Hermann Weyl da Eugene Wigner suka fara shigar da shi cikin nazarin ƙwayar zarra a ƙarshen shekarun 1920, wasu masana sun laƙaba masa sunan annobar rukuni, don ganin yana da wahala kuma ba dole ba ne.

Kasuwar Ƙwayoyi

A 1932 al'amarin ya yi kama da mai sauƙi. Ƙwayar zarra tana da ilektiron a waje, da furoton da niyutiron a cibiya. Amma sai sababbin ƙwayoyi suka riƙa ɓullowa, wasu daga hasken da ke sauko mana daga sararin samaniya, wasu daga manyan injina da ke harba ƙwayoyi su yi karo da juna. A 1947 kaɗai an gano iri biyu a Ingila, fayon da kayon. Kafin 1960 sun kai gommai, kowacce da nauyinta da cajin lantarkinta da tsawon ranta, ba wanda ya san abin da ya haɗa su. Abin ya zama kamar kasuwa ranar cinta, ga kaya jibge ba rumfa ba layi.

Murray Gell-Mann na Kalifoniya ya daɗe yana gwada tsare-tsare da hannu don ya jera su, har a ƙarshen 1960 wani abokin aikinsa malamin lissafi ya sanar da shi cewa abin da yake lalube a duhu an riga an jera shi tun zamanin Cartan. Da ya duba jerin sai ya tarar da rukunin da ake kira SU(3). A daidai wannan lokaci, a Landan, Yuval Ne'eman, jami'in soja a ofishin jakadancin Isra'ila wanda ke karatu a hannun Abdus Salam na Pakistan, shi ma ya faɗa kan wannan rukuni ta hanyarsa. Dukansu biyu suka fitar da aikinsu a 1961. Rukunin ya ce ƙwayoyi za su zo iyali iyali, na takwas takwas da na goma goma. Kuma lalle furoton da niyutiron da wasu 'yan'uwansu shida sun zauna cif a iyali mai takwas, shida a kusurwoyi, biyu a tsakiya.

Gwaji na gaskiya ya zo a Yuli 1962, a wani taro a cibiyar CERN da ke Janeba. Iyali mai goma yana da siffar dala: huɗu a layin farko, uku a na biyu, biyu a na uku, ɗaya a ƙarshe. A ma'aunin da furoton ke da nauyin 938, layin farko yana wajen 1232, na biyu 1385, na uku kuwa, wanda aka sanar da gano shi a wannan taro, yana wajen 1530. Mai karatu zai lura cewa tazarar kowane layi da na gaba kusan 150 ce. Gurbi na goma babu kowa a ciki. Gell-Mann ya miƙe a zauren ya bayyana cewa akwai ƙwayar da ba a gani ba tukuna, ya faɗi cajinta, ya ce nauyinta zai kai wajen 1680, ya kuma raɗa mata suna Omega. Wannan kasada ce babba, domin da an nema an rasa, da tsarin gaba ɗaya ya rushe.

A ɗakin bincike na Brookhaven da ke jihar New York, wata tawaga a ƙarƙashin Nicholas Samios ta shiga nema. Suna da wata tukunya mai tsawon inci 80 cike da ruwan haidurojin, wadda duk ƙwayar da ta ratsa ta mai caji takan bar sawun kumfa, kyamara ta ɗauka. Omega ba ta kai kashi ɗaya cikin biliyan goma na daƙiƙa a raye, saboda haka sawunta ɗan gajeren layi ne kawai. Sai da aka duba hotuna kimanin 100,000 kafin a farkon 1964 a sami guda ɗaya mai ɗauke da ita. Nauyinta, yadda aka auna shi a yau, 1672 ne. Lissafin da Killing da Cartan suka yi shekara 70 kafin nan, ba su san da wata Omega ba, shi ya nuna inda za a same ta. An ba Gell-Mann kyautar Nobel a 1969.

A wannan shekara ta 1964 ɗin, Gell-Mann da George Zweig, kowa daban, suka bayyana dalilin wannan tsari: furoton da niyutiron da danginsu an gina su ne da wasu ƙwayoyi da suka fi su ƙanƙanta, uku uku. Gell-Mann ya kira su kwak, kuma rubutun kalmar ya samo shi ne daga littafin Finnegans Wake na James Joyce. Ashe ko masanin zarra, in ya zo raɗin suna, wurin marubuci yake zuwa aro.

Daga nan hanya ta buɗe. Sheldon Glashow da Steven Weinberg da Abdus Salam sun yi amfani da wasu rukunan suka haɗa ƙarfin lantarki da maganaɗisu da ƙarfin nan mai rauni na cibiyar zarra a ƙa'ida ɗaya, aka ba su Nobel a 1979. Ƙwayoyin W da Z da ƙa'idarsu ta yi hasashe an gan su a CERN a 1983. Ƙwayar Higgs, wadda aka yi hasashenta a takarda a 1964, an sanar da ganinta ranar 4 ga Yuli 2012, bayan shekara 48, da wani inji mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan.

Komawa Ga Tambaya

To mene ne amfani? Ba masu kuɗi da gwamnatoci ne suka daina tambaya ba. A 1969 wani sanata a Amurka ya tambayi Robert Wilson, shugaban wani sabon ɗakin binciken zarra, ko aikin zai taimaki tsaron ƙasa. Wilson ya amsa da cewa ba shi da alaƙa kai tsaye da kare ƙasa, sai dai yana cikin abubuwan da ke sa ƙasa ta cancanci a kare ta. A 1993 kuwa majalisar Amurka ta soke ginin wani katafaren inji a jihar Texas bayan an kashe kimanin dala biliyan 2. Ba za mu ce masu tambayar ba su da hujja ba, domin kuɗin jama'a ne, kuma akwai asibiti da makaranta da ke jira.

Sai dai tarihi ya nuna cewa amfanin irin wannan aiki yakan zo a makare, ta ƙofar da ba a zata ba. Wani tsarin lissafi da Galois ya buga a 1830 shi ake amfani da shi wajen gyara kurakurai a faifan CD da tambarin QR, da kuma kulle saƙonni a waya. Ƙwayar fozitiron, wadda Paul Dirac ya hango ta hanyar lissafi a 1931 aka kuma gan ta a 1932, da ita wata na'urar asibiti ke ɗaukar hoton cutar daji. Tsarin shafukan yanar gizo an ƙirƙiro shi ne a CERN a 1989 don masana su riƙa musayar takardu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi niyya tun farko.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Abdus Salam, wanda ya san irin kaɗaicin da masani ke shiga a ƙasar da ba ta da ɗakunan bincike, ya kafa wata cibiya a birnin Trieste na Italiya a 1964 don masana daga ƙasashe masu tasowa su riƙa zuwa suna sabunta iliminsu. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara a kowane layi, ya rasu a Alƙahira a 1741, shekara 70 kafin a haifi Galois. Yaro nawa ne a makarantunmu ya taɓa jin sunansa a darasin lissafi?

Wannan giɓi namu ne mu cike. Yaron da ya karanta labarin Omega da harshen da yake mafarki da shi ya fi kusa da ya ɗauki fannin a matsayin nasa. Mun ga a wannan maƙala cewa da murhu da faifai da albasa ana iya bayyana abin da ake koyarwa a manyan jami'o'i, kuma kalmomin da muka gwada, irin su rukuni da zallar lissafi, ƙofa a buɗe take ga wanda ke da waɗanda suka fi su. Ga masu tasowa kuma, su tuna da Galois da Poisson: in edita ya ce bai gane ba, a koma a sake jimlar kafin a yi fushi. Ga editoci, su tuna da Liouville, su riƙa buɗe tsofaffin takardun da ke cikin akwati. Allah ya ƙara mana basira da haƙuri, amin.